Ya kwanta lafiya, da asuba ƙafafu sun ƙi tashi

Maman Walid: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema a kan ƙanina. Shekarunsa 28, a Yelwa yake zaune nan Garwa, dakon auduga yake yi. Wani abu ke samunsa da ya ɗaure mana kai. Zai kwanta lafiya lau, can cikin dare ko da asuba sai ya farka ƙafafunsa sun mutu, ko juyi a kan katifa ba ya iyawa. Hannuwa ma sukan yi nauyi amma ba su kai ƙafa ba. Yana magana sarai, yana gane kowa, in ka tsunkule shi yana ji. Zuwa azahar ko la'asar sai ya miƙe ya ci gaba da harkarsa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ƙarshen nan ne ya tayar mana da hankali, muka kai shi wani ɗan asibiti a unguwa, suka ce rashin ƙarfi ne suka ɗaura masa ruwa. Maimakon sauƙi sai abin ya hau hannuwa gaba ɗaya, zuciyarsa na ta bugawa. Sai washegari ya tashi. Ko akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan?

Goggo Dudu: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya 'yata.

Abakar Jamena: Allah ya sa kaffara ne.

Alhaji Bappa Marwa: Wa alaikumus salam. Maman Walid, wannan ba ciwon asibiti ba ne, kada ku ɓata kuɗinku. Ciwon da ke zuwa da dare ya tafi da rana, ya kama ƙafa ya bar baki? Ai ke ma kin gani, da aka sa masa ruwan asibiti abin ƙaruwa ya yi. Ko dai ya taka wani abu ne, ko an yi masa ture a wajen aiki. Ku nemi malami na gari a yi masa ruƙiya, a ba shi rubutu.

Maman Walid: Baffa an yi. Har ma na biyun ana cikin karatu ya fara motsa yatsun ƙafa, shi ya sa mahaifiyarmu ta ce iska ce. Amma ga shi ya dawo.

Alhaji Bappa Marwa: To kin gani. Ba a gama aikin ba ne.

Rabi Gider: Ni dai shanyewar ɓarin jiki nake jin tsoro. Haka ta fara wa mijin yayata, ya tashi da safe ƙafa ta ƙi.

Sale Anfirme: Adda Rabi, waccan gefe ɗaya take kamawa, hannu da ƙafa na ɓari guda, sau da yawa baki ya karkace ko magana ta sarƙe. Wannan ƙafa biyu ne lokaci ɗaya, ga magana lafiya. Maman Walid, bari in yi miki wasu tambayoyi, ki amsa mini ɗaya-ɗaya. Wane irin ruwa aka sa masa, mai sukari ko na gishiri? Ya rame a 'yan watannin nan? Yana yawan zufa? In ya miƙa hannu yatsunsa na rawa? Yana gudawa ko amai? Kuma me ya yi, me ya ci, a daren da abin ya same shi?

Maman Walid: Ruwan, gulukos aka rubuta a jikin ledar, na gani da idona. Rama kam ya rame sosai, wandunansa duk sun yi masa yawa, kuma ci ba a magana, ya fi kowa ci a gidan. Mun ɗauka wahalar dako ce. Zufa, to Malam Sale, wa ba ya zufa a Garwa? Amma matarsa ta ce ko lokacin sanyi a tsakar gida yake kwana ba riga. Rawar hannu akwai, in ya riƙe kofin shayi ana gani. Ba gudawa ba amai. Ya kuma zama mai saurin fushi, da ba haka yake ba. Daren nan ƙwallo suka buga da yamma, ya dawo ya ci shinkafa faranti cike, ya sha lemon kwalba biyu, ya ɗora da shayi.

Sale Anfirme: Kai. Dokta A'isha, don Allah in kina kusa ki leƙo.

Goggo Dudu: Kafin likita ta zo, a jiƙa masa jar kanwa ya riƙa sha da safe. Tana sassauta jijiya.

Dokta A'isha: Assalamu alaikum. Na karanta daga sama. Ba zan iya yanke hukunci a kan mutumin da ban gani ba, amma abin da Maman Walid ta zayyana ya yi kama ƙwarai da wata cuta da aka sani, kuma tana da magani. Goggo, a dakata da kanwar nan tukuna, zan dawo kanta.

A gaban wuyan kowa, ƙasan maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta da ake kira tiroyid. Ita ce ke kumbura a ce mutum na da maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarin da ke saita saurin aikin jiki. In ta yi aiki fiye da kima sai komai ya yi sauri: zuciya ta riƙa gudu, mutum ya ci ya ci amma ya rame, zafi ya dame shi, hannu ya yi rawa, barci ya ƙaurace, fushi ya zo kusa. Duk waɗannan kin lissafa su da kanki.

Saura ƙafa. Tsoka ba ta motsi sai da wani gishirin jini mai suna fotasiyom. Kusan kashi 98 cikin 100 na fotasiyom ɗin jiki yana cikin ƙwayoyin halitta ne, mafi yawa a tsoka, ɗan kaɗan ne ke yawo a jini, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin dole ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0 a ma'aunin da ake amfani da shi. A jikin kowace ƙwayar tsoka akwai ƙananan famfuna da ke jan fotasiyom daga jini zuwa ciki. Sinadarin tiroyid in ya yi yawa yana ƙara yawan famfunan nan da ƙarfinsu. Insulin, sinadarin da ke sarrafa sukarin jini, shi ma yana zuga su, shi kuwa insulin yana tashi ne in an ci shinkafa, tuwo, burodi ko sukari da yawa. Hutawa bayan aikin ƙarfi ma yana jan fotasiyom ciki. To ki haɗa: ƙwallo da yamma, shinkafa da lemo da shayi, sannan barci. Cikin 'yan sa'o'i fotasiyom ɗin jini ya faɗi, tsoka ta daina amsa umarni. Jijiyar ji ba abin da ya same ta, ƙwaƙwalwa ma haka, shi ya sa yana jin tsunkuli yana magana. Cinyoyi da ƙugu ne suka fi shan wahala. Bayan wasu sa'o'i, wani lokacin har kwana biyu ko uku, fotasiyom ya komo jini da kansa, mutum ya miƙe.

Dokta A'isha: Ruwan gulukos ɗin da aka sa masa sukari ne kai tsaye cikin jini. Ya tayar da insulin, insulin ya ƙara tura fotasiyom ciki. Dalilin da abin ya hau hannuwa ke nan.

Maman Walid: Innalillahi. Wato da kuɗinmu muka sayo abin da ya ƙara masa ciwo.

Sale Anfirme: Kada ki riƙe su a rai sosai Adda. A ƙananan wurare in mutum ya zo ba ƙarfi, gulukos ne abin da hannu ke fara kaiwa, kuma yawancinsu ba su da injin auna gishirin jini. Ba kare su nake ba. Abin da ya kamata su yi shi ne su ji bugun zuciyarsa su tura shi babban asibiti.

Alhaji Bappa Marwa: Dokta, da girmamawa. Maƙoƙo ciwon mata ne, kowa ya sani. Kuma yaron nan ba a ce wuyansa ya kumbura ba. Sannan ki ba ni amsar wannan: me ya sa ana cikin karatu ya motsa?

Dokta A'isha: Baffa, rabin maganarka gaskiya ce. Ciwon tiroyid ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Amma wannan shanyewar da ke biyo bayansa maza ta fi kamawa, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita maza ne, galibi 'yan shekara 20 zuwa 40. Kuma tiroyid na iya yin aiki fiye da kima ba tare da kumburin da ido zai gani ba. A wasu ma shanyewar ce alama ta farko da ke kai su asibiti.

Maganar karatu kuwa, ni musulma ce, ba zan ce kada a yi wa mara lafiya addu'a ba. Amma wannan ciwon yana sakin mutum da kansa bayan sa'o'i, ko an yi karatu ko ba a yi ba. Duk abin da ake yi masa a lokacin da ya saki, shi za a ce ya warkar da shi. Da shayi ake ba shi a sa'ar, da an ce shayi ne.

Alhaji Bappa Marwa: Wannan magana ta yi nauyi Dokta. Ki haɗa Alƙur'ani da shayi?

Malam Idi: Alhaji, a yi haƙuri, ba haka take nufi ba, kuma ni na fahimce ta. Ba wanda ya hana ruƙiya. Amma neman magani ma umarni ne, kuma ba mu da hujjar cewa duk ciwon da ya zo da dare aljani ne. Abin da ya fi damuna shi ne maganar ture. Da zarar an ce an yi masa ture a wajen aiki, gobe za a fara nuna wani da yatsa, alhali ba wanda ya ga komai. Wannan zato ne, kuma mun san hukuncinsa. A auna jinin yaron. In ba a ga komai ba, ga mu ga ku.

Alhaji Bappa Marwa: Shi ke nan Malam. A auna mu gani.

Goggo Dudu: Dokta kin ce za ki dawo kan kanwa. Jikana ya ce ai ita ce fotasiyom ɗin. In gishirin ne ya ƙare masa ba sai a ƙara masa ba? Ga ayaba ma an ce tana da shi.

Dokta A'isha: Goggo, kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Cadi gishirin sodiyom ce mafi yawanta, ba fotasiyom ba. Yawan sodiyom kuwa yana cikin abubuwan da ke tayar da wannan ciwon. Don haka a bar ta a miyar kuka da kuɓewa, kada a jiƙa masa.

Sannan ga inda mutane da yawa ke kuskure, har da ma'aikatan lafiya: fotasiyom ɗinsa bai ƙare ba. Mai kwalara ko gudawa mai tsanani shi ne nasa ke fita daga jiki, dole a mayar masa. Wannan nasa yana nan cikin jiki, ɓuya ya yi. Ki ɗauka ranar kasuwar Fitowa ce ruwa ya sauko, kowa ya shige rumfa, fili ya zama wayam. In kika ce mutane sun ƙare kika kwaso wasu motoci-motoci kika zuba a filin, ruwa na ɗaukewa na cikin rumfa su fito, sai a rasa wurin taka ƙafa. Haka yake a jini. In aka ɗura fotasiyom da yawa, sa'ar da na ciki ya komo sai ya wuce kima, kuma yawansa na iya tsayar da zuciya kamar yadda ƙarancinsa ke iyawa. A binciken da aka yi, kashi 40 cikin 100 ko fiye na waɗanda aka ƙara wa fotasiyom a wannan halin sun sami wannan hauhawar daga baya. Shi ya sa ake ba da shi kaɗan-kaɗan, ana auna jini a kai a kai, ana duban zuciya. Ayaba ba laifi, amma ba za ta hana abin zuwa ba.

Rabi Gider: To ba sai a sayi ƙwayar fotasiyom ta Diffu-K a farmasi a ajiye a gida ba, ya riƙa sha kullum?

Sale Anfirme: A'a Adda. Shan fotasiyom kullum ba ya hana wannan irin. Kuma don Allah duk mai ɗan'uwa ma'aikacin jinya da ke zuwa gida yin allura, kada a kuskura a tura fotasiyom kai tsaye cikin jijiya da sirinji. Nan take yake kashewa. A cikin ruwan gishiri ake sa shi ya riƙa ɗiga a hankali, a asibiti.

Bashir Ɗalibi: Dokta in ƙara? Famfon nan da kika ce, kowane juyi yana fitar da sodiyom 3 ya shigar da fotasiyom 2. Wani ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou, ya gano shi a 1957, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Kuma a 2010 an gano cewa wasu masu wannan ciwon suna da tawaya a wata ƙofar da fotasiyom ke bi ya fita daga tsoka, gadon halittar ana ce masa KCNJ18. Wato yana shiga da yawa, fita kuma ta yi wuya.

Abakar Jamena: Bashir an kusa jarabawa ke nan, a kanmu ake bita.

Bashir Ɗalibi: Kawu ai gara in yi a nan da in yi a gaban farfesa.

Dokta A'isha: Daidai ne abin da ya faɗa, kuma yana cikin abubuwan da ke bayyana dalilin da ba duk mai ciwon tiroyid ke shanyewa ba. A Asiya abin ya fi yawa, Japan, Sin, Filifin, Biyetnam, inda kusan 2 cikin 100 na masu ciwon tiroyid mai yawan aiki ke samunsa. A Amurka ta Arewa 1 ne zuwa 2 cikin 1000.

Abakar Jamena: To mu me ya haɗa mu da ciwon 'yan Sin? Ko don suna aiki a matatar mai ta Jarmaya a Cadi?

Dokta A'isha: Ba ɗauka ake yi ba Malam Abakar, ka kwantar da hankalinka. An same shi a baƙar fata ma, a Afirka da wajenta. Kuma ra'ayina ne, ba ƙididdiga ba: ina ganin muna da shi fiye da yadda muke zato. Ciwo ne da ke warware kansa kafin a isa inda ake auna jini, a littafi kuma an koya mana cewa na 'yan Asiya ne, sai likita bai ma kawo shi a ransa ba.

Maman Walid, ga abin yi. Kada ku jira ya sake faɗuwa. Ku kai shi babban asibiti ya ga likitan manya, a rubuta masa awon jini na duba aikin tiroyid, wato TSH, sinadarin da ke ba ta umarni, da T4, wanda take fitarwa, da awon gishirin jini wanda ake kira iyonogram, da awon zuciya na ECG. In asibitin ba sa yin na tiroyid za su gaya muku inda ake yi, akwai reshen cibiyar awo ta Centre Pasteur a Garwa, ku tambaya can ma. Ki sani fa, in yana lafiya fotasiyom zai iya fitowa daidai, kada wani ya ce muku ba komai. TSH ne zai tona asiri. In kuwa abin ya zo kafin nan, a tafi da shi nan take ko tsakar dare ne, ku ce a auna fotasiyom kafin a ɗaura kowane ruwa, kuma ban da gulukos. In numfashi ya fara yi masa wuya ko zuciya na tsalle-tsalle, wannan gaggawa ce ta rai da mutuwa.

Hajiya Mairo: Dokta ɗan maƙwabciyata mai shekara 6 ƙafarsa ɗaya ta saki makon jiya bayan zazzaɓi, har yanzu bai taka ba. Shi ma tiroyid ɗin ne?

Sale Anfirme: Hajiya wannan daban ne, kuma kada a kwana. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ƙa'ida ce a kai rahoto cibiyar lafiya a ɗauki bahayansa sau biyu a auna saboda shan inna, kuma a cikin mako biyu na farko ake so. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a watan Agustan 2020, amma akwai nau'in da ke ɓulla inda rigakafi bai wadata ba, an same shi a Cadi da Kamaru da Najeriya. Ki gaya mata gobe da safe.

Hajiya Mairo: To, yanzu ma zan shiga wurinta.

Dokta A'isha: Madalla. Akwai kuma wata da ake ce wa Guillain-Barré, tana farawa daga tafin ƙafa tana hawa sama cikin kwanaki, da jin tsira-tsira, ba ta sakin mutum da la'asar. Ita ma asibiti ce ba jira.

Maman Walid: Assalamu alaikum. Jama'a na dawo da labari. Mun kai shi, sakamako ya fito. TSH ɗinsa ya yi ƙasa har injin bai iya karantawa ba, T4 kuma ya yi sama sosai. Bugun zuciyarsa 118 yana zaune. Likitan ya taɓa wuyansa ya ce akwai ɗan kumburi, ya kuma ce idanunsa sun ɗan firfito, mu da muke ganinsa kullum ba mu lura ba. Ya ce sunan ciwon Basedow. An rubuta masa Néo-Mercazole da Avlocardyl. Sai kuma wani abu da ya fito a gaban likita: ashe da ya ga yana ramewa, abokansa sun ba shi shawarar sha-ka-fashe, yana ta sha a ɓoye.

Sale Anfirme: La haula. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyin deksametazon ne, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi, kuma irin wannan maganin da kansa yana tayar da shanyewar ga mai tiroyid. Amma kada ya yanke shi dare ɗaya in ya daɗe yana sha, likita ne zai rage masa a hankali.

Maman Walid: Haka likitan ya ce.

Usman Mubi: Anya ba a yi kuskure ba? Matata na da irin wannan na rama da fitowar ido, a Yola aka ce mata Graves sunansa.

Bashir Ɗalibi: Abu ɗaya ne Yaya Usman. Robert Graves likita ne ɗan Ailan, ya bayyana ciwon a 1835, Karl von Basedow Bajamushe ya bayyana shi a 1840. Asibitocinku na bin na farko, namu na bin na biyu. Garkuwar jiki ce ke yin kuskure tana zuga tiroyid ta yi ta aiki ba tsayawa.

Alhaji Bappa Marwa: To Allah ya ba shi lafiya. Amma ni har yanzu ina nan a kan bakana, a ci gaba da addu'a. Injin ya ga tiroyid, bai ga abin da ya taɓa tiroyid ɗin ba.

Malam Idi: Addu'a kam ba mai jayayya da kai Alhaji. A haɗa da shan magani.

Dokta A'isha: Alhamdu lillahi da aka gano. Maman Walid, albishirin shi ne da zarar tiroyid ta daidaita, shanyewar tana tsayawa. Amma ki ji waɗannan da kyau, don a nan ake faɗuwa.

Néo-Mercazole shi ne karbimazol, yana rage sinadarin da tiroyid ke haɗawa. Ba ya aiki rana ɗaya, sai an yi makonni kafin a ga canji, kuma galibi ana shansa wata 12 zuwa 18, ana auna jini ana daidaita yawansa. Abin da na fi gani shi ne mutum ya yi wata biyu, jiki ya dawo, ƙiba ta dawo, sai ya ce ya warke ya ajiye. Tiroyid ta sake tashi, ƙafa ta sake mutuwa. Ko an kammala ma, kusan rabin mutane ciwon na dawo musu, a nan ne ake maganar tiyata ko maganin iyod, wato aidin, mai tururin nukiliya da ke ƙona tiroyid ɗin, wanda ba kowane gari ake samunsa ba. Avlocardyl kuwa yana rage gudun zuciya da rawar hannu, yana kuma danne famfunan nan, don haka shi ne mai tsaronsa kafin ɗayan ya kama aiki. Mai asma ba ya shansa.

Abu mafi muhimmanci: in yana kan karbimazol ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ya dakatar da maganin a ranar, a je a ƙirga fararen ƙwayoyin jininsa. Maganin kan kashe su a wasu mutane ƙalilan, ƙasa da 1 cikin 100, galibi a wata ukun farko. A nan garuruwanmu duk zazzaɓi maleriya ce, sai a sayi Coartem a kwanta, mutum kuma ba shi da garkuwa. Ki gaya wa matarsa wannan, ita ce za ta fara gani.

Usman Mubi: Dokta matata na shan karbimazol ɗin kuma muna neman haihuwa. Akwai matsala?

Dokta A'isha: Ta gaya wa likitanta tun kafin ciki ya shiga. A wata ukun farko na ciki akan canza zuwa wani mai suna PTU, saboda karbimazol na iya taɓa halittar jariri. Kada ta daina sha da kanta, tiroyid mai gudu ma haɗari ce ga cikin.

Rabi Gider: To azumi fa in ya zo? Ai buɗa-bakinmu shi ne duk abin da Dokta ta hana: dabino, kunu da sukari, makala, zoɓo mai zaƙi, sannan shinkafa.

Sale Anfirme: Kin taɓo inda nake tunani. Wuni ba ci ana dako a rana, sannan a zuba wannan duka a ciki cikin sa'a guda, a yi asham a kwanta. In tiroyid ba ta daidaita ba tukuna, abin tsoro ne.

Malam Idi: Ayar tana nan a Baƙara, 184 da 185, mara lafiya ya sha ya rama a wasu kwanaki. In likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi a bana, ba jarumta ba ce ya ƙi. In ya ce zai iya, sai ya kiyaye yadda zai buɗe baki.

Dokta A'isha: Likitansa ne zai yanke, gwargwadon abin da awon jini ya nuna a lokacin. In an yarda ya yi, ya buɗe da ruwa da dabino ɗaya ko biyu, ya ci kaɗan ya huta ya ƙara, a yawaita wake da ganye da kifi ko nama, a rage tuwo da shinkafa. Ƙwallo da dako mai nauyi a ɗan jingine su. Ban da lemon kwalba, ban da giya ga mai sha, shayi kuma a rage, don yana ƙara wa zuciya gudu ga kuma sukarin.

Abakar Jamena: Shayi ba sukari? Dokta, a Jamena in kika miƙa wa mutum wannan zai ɗauka gaba kike da shi.

Dokta A'isha: Ban ce ba sukari ba. Cokali ɗaya maimakon biyar, kofi ɗaya maimakon zagaye uku, kuma ba da dare ba. Zuwa lokacin da awonsa zai daidaita ne, daga nan ya koma majalisarsa.